Shayin da Ba a Tafasawa

Duk wanda ya taɓa aiki a masaƙar da ke bayan tashar jirgin ƙasa ya san Baba Tafasa, ko da bai taɓa zama a bencinsa ba. Teburinsa na shayi yana daura da ƙofar shiga, a gindin katanga, da tukunyarsa mai baƙin gindi da gwangwanayen madara a jere. Ma'aikata ne suka laƙaba masa sunan, domin a wurinsa ba abin da ya cancanci a kai baki sai ya tafasa, ya sake tafasa, ya yi ta zaɓalɓala har ganyen ya ba da duk abin da ke cikinsa. Idan ka ce masa, "Baba, sauri nake yi," sai ya dube ka sheƙeƙe ya ce, "Ga famfo can, shi ba ya ɓata wa kowa lokaci."

Amma abin da ya fitar da sunansa shi ne juyin shayi. Zai riƙe moɗa a dama, wata a hagu, ya ɗaga ta daman har ta wuce hularsa, ya tsiyayo shayin siriri ya faɗa cikin ta hagun, kumfa ta taso, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Yana yi yana kallon wani wajen, yana musun ƙwallo da masu gadi. Sababbin ma'aikata kan saki baki su tsaya kallo har a kaɗa ƙararrawar shiga. Da wannan teburin ya yi aure, ya riƙe gida, ya sa 'ya'yansa a makaranta har suka zama mutane. Sai da gwiwoyinsa suka fara yi masa gardama sannan 'ya'yan suka haɗa baki suka raba shi da ƙofar masaƙa. Ya dawo gida, ɗaki biyu da kicin da 'yar baranda a saman bene, yana ta huci kamar an yi masa ƙwace.

Mutum ɗaya ce a duniya juyin shayin nan bai taɓa burgewa ba, ita ce matarsa. Tela ce, haka kuma kowa ke kiranta, har shi. Kekenta na ɗinki na bakin taga, bakinta kuma ya fi allurar keken sauri. Tun suna da ƙuruciya take yi masa faɗa: ya bar takalmi a tsakiyar ɗaki, ya jefa jiƙaƙƙen tawul a kan gado, ya taɓa mata almakashi. Wannan na ƙarshen shi ne babban laifi. Almakashinta ba ya yanka komai sai yadi. Ranar da ya yanke bakin buhun sukari da shi, sai da maƙwabta suka leƙo su ga ko lafiya. Shi kuwa faɗan bai taɓa damunsa ba. Gaskiyar magana ma, in bai ji muryarta ba sai gidan ya yi masa faɗi, sai dai ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba.

A barandar akwai wani tsohon bokitin fenti da ta huda gindinsa ta shuka ganye a ciki. Wata mai kawo mata ɗinki ce ta ba ta reshe ɗaya, ya kama, ya cika bokitin har yana zubowa. Ɗan'uwan na'ana'a ne, ganyensa mai ɗan gashi-gashi, gefensa tsaga-tsaga, amma in ka murza shi a yatsa ƙamshin lemun tsami yake yi. Ita "ganyena" kawai take ce masa. Kullum da yamma, idan ta ɗaga ƙafa daga keke, sai ta haɗa shayinsa ta zauna a baranda ta sha abinta. Baba Tafasa bai taɓa kai shi baki ba, bai kuma taɓa tsayawa ya ga yadda take yi ba. Me zai gani, shi da ya ƙare rayuwarsa a shayi?

"Tela, yau ma ruwan ciyawar ne?"

"Malam, naka shayin na korar mutum ya koma aiki ne. Nawa na kwantar da rai ne. Bar ni da abina."

Ana nan, wata safiya ta zame a matattakala ta karya ƙashin ƙugu. Aka yi mata aiki a asibiti, ta daɗe a kwance. Ƙashi ya haɗu. Likita ya duba hoto ya ce sai hamdala, ya ba ta sanda, ya ce ta riƙa takawa kullum ko da daga ɗaki zuwa baranda ne. Jiki dai ya warke, amma Tela ba ta dawo ba. Ta juya fuska bango. In ya kama ta ya kai ta banɗaki, sai ta koma ta kwanta. Abinci, loma biyu ta ture. Keke na lulluɓe da zane, ƙura ta hau zanen. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne shirun. Da gangan ya bar takalminsa a tsakiyar ɗaki, ta kalla ta kau da kai. Ya ɗora jiƙaƙƙen tawul a kan gado, dab da ƙafarta, ba ta ce uffan ba. Ranar ya fita baranda ya daɗe yana kallon titi don kada ta ga idonsa.

Babbar 'yarsu malamar makaranta ce a wani gari mai nisa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiranta, ita kuma ta riƙe muƙamin da gaske. Ta zo duba jiki, ta zagaya ɗakunan, ta buɗe tukwane, ta daɗe tana kallon uwarta, sannan ta ja shi kicin ta rufe ƙofa.

"Baba, Umma ramewa take yi."

"Ina iya ƙoƙarina, Uwata."

"Na sani, ba laifinka ba ne. Amma nan bene ne, kai kuma ga gwiwa. Ni gidana a ƙasa yake, ga jikokinta za su ɗebe mata kewa. Idan aka ba mu hutu na dawo na tarar da ita a kwancen nan, zan tafi da ita."

"Ki tafi da ita har yaushe?"

Ta buɗe ƙofa ta koma wurin uwarta. Ya san irin wannan tafiyar. Da farko a ce sai ta ji sauƙi, daga nan a aiko a ɗauki keke, daga nan a aiko a kwashe sauran kaya, shi kuma ya koma mai zuwa ziyara wurin matarsa, yana sallama a ƙofar suruki. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata. Hutun kuwa ba shi da nisa.

Washegari yana shanya a baranda idonsa ya faɗa kan bokitin. Ganyen ya yi laushi ya kwanta, ƙasar ta tsattsage. Ya zuba masa ruwa don kunya kawai. Abin mamaki, kafin a ce me ya miƙe ya soma tofo. A nan dabara ta zo masa. Shi ba likita ba ne, bai kuma iya lallashi ba, bakinsa bai saba ba. Amma shayi? Idan har akwai shayin da ke kwantar da ran Tela, to ai an zo gidansa.

Ya ɗauko baƙar tukunyarsa ya cika ta, ya tsinko ganye cike da hannu ya watsa, ya ƙara wuta. Ya tafasa shi tafasa ta mutunci. Sannan ya ɗauko moɗa biyu ya yi juyin nan nasa, har kafaɗa tana ƙara. Ƙamshin lemun tsami ya cika kicin, ya bi matattakala, ya sauka har titi. Matar da ke zaune a ƙasan benen ta ɗago kai ta ce, "Baba, me kake dafawa haka? Ƙamshi har ɗakina!" Baba Tafasa ya gyara zaman hularsa.

Tela ta kurɓa sau ɗaya. Ta riƙe kofin jim kaɗan, ta ajiye.

"An gode, Malam."

An gode! Da ma zaginsa ta yi, da ya fi jin daɗi. Ya koma kicin ya yi nazari, ya kuma yanke hukuncin da duk mai shayi zai yanke: bai tafasa sosai ba. Washegari ya ƙara masa wuta da lokaci. Wata rana ya sa madara. Ya tuna ya taɓa jin ta ce busasshe take amfani da shi, sai ya baza ganyen a tire ya ajiye a tsakiyar rana, ya dawo ya tarar ya yi baƙi ƙirin yana warin ciyawar dabbobi. Shi ma ya tafasa shi. Kullum unguwa na yabon ƙamshi, kullum kofi na dawowa a cike.

Yana da amini mai aski, wanda shagonsa ke kusa da tsohon teburin shayin, sun fi shekara talatin suna tsokanar juna. Ranar da ba ya buɗe shago ya hawo benen yana haki, ya gaida mai jiki daga bakin ƙofa, ya wuce baranda.

"Tun daga bakin titi na jiyo ƙamshi. Zuba min in ji abin da ake ta labari."

Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye da ƙyar.

"Tafasa, tsakaninka da Allah, wannan kake ba baiwar Allah?"

"Me ya yi?"

"Ruwan zafi ne mai ɗaci. Ina ƙamshin?"

"Kai da bakinka ka ce tun daga titi ka jiyo shi."

"To ai shi ne. Yana can titi. Ka rabar wa unguwa, ka kawo mata saura." Mai aski ya ajiye kofin yana dariya. "Ni turaren da nake shafa wa mutane bayan aski, in na manta kwalbar a buɗe, shago ya yi ta ƙamshi, masu wucewa su yi ta yabo, washegari in tarar da ruwa. Kai kuwa ba buɗewa kaɗai ka yi ba, har ɗaga shi sama kake kana sallamar sa."

"Yau ga ikon Allah! Mai aski ne zai koya min shayi?"

"A'a, ni wane ni. Ka ci gaba da shayar da titi."

Baba Tafasa bai raka shi ko bakin matattakala ba. Ya zauna yana cika yana batsewa, idonsa a kan kujerar da Tela ke zama. Can sai ya tuno wani abu da ya gani sau ba adadi bai taɓa lura ba. Duk lokacin da ta fito da kofinta, akwai ɗan faranti a kife a kansa, ita kuma tana zaune, hannu a cinya, tana jira. Shi duk zatonsa don ƙuda ne. Har ya taɓa jin haushi, wai a gidansa ake rufe kofi kamar a bakin kasuwa. Ashe ba ƙuda take hana shiga ba, ƙamshi take hana fita. Kuma tunda suke bai taɓa ganin ganyen nan a kan wuta ba.

Ya shiga bincike a gidansa kamar baƙo. A bayan gwangwanin gishiri ya sami kwalbarta, saura ɗan kaɗan a gindi. Ya juye a tire, ya sa tabarau, ya zauna yana tsincewa da yatsa. Ganyenta ne ya fi yawa, kore shar, ba baƙi irin nasa ba, ba a kuma daka shi ba, an dai ɗan murmushe shi. Sai ɓawon lemun zaƙi da aka yanka siriri-siriri, an kankare farin da ke jikinsa. Sai na'ana'a 'yar kaɗan, ta shaida kawai. To a ina take shanya shi har ya bushe bai ƙone ba? Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan ƙofa. A ƙarshe ya jawo kujera ya hau, gwiwa na kuka, ya leƙa saman kabad ɗin kaya. Ga faffaɗan tire an shimfiɗa masa ƙyallen yadi, ganye a baje ɗaya-ɗaya, tun kafin faɗuwarta. A inuwa, inda iskar taga ke wucewa, rana ba ta kaiwa. Ya murza ɗaya ya kai hanci, ƙamshin na nan daram. Tela na kwance tana kallonsa a kan kujera ta wutsiyar ido. Wannan karon ba ta juya bango ba.

Da yamma ya tura baƙar tukunya can ƙuryar kicin. Ya dafa ruwa zalla a buta, ya sauke, ya jira har ya daina ɓulɓula. Ya zuba haɗin a kofi, ya kwarara ruwan a kai, ya kife ɗan faranti. Daga nan aiki ya ƙare, kuma a nan wahalar take. Mutumin da hannunsa bai saba zama ba, sai ga shi tsaye a gaban kofi ba abin juyawa, ba wutar ƙarawa. Hannun ya yi ta ƙaiƙayi yana nufar faranti, yana janye shi. Daga ƙarshe ya cusa hannuwan biyu a aljihu ya juya wa kofin baya, yana karanta rubutun jikin gwangwanin gishiri.

Da ya ɗaga farantin, ƙasansa ya yi raɓa. Har ya kai hannu zai yarfe, sai ya sunsuna. Duk ƙamshin yana nan a cikin 'yan ɗigon. Ya karkata farantin a hankali suka koma kofi. Ya tace, ya ɗiga zuma, ya ɗauka. Ruwan bai yi duhu ba, fari-fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, irin wanda da a teburinsa ne zai ji kunyar miƙa wa mutum. Kicin kuwa shiru, ba ƙamshin komai, matar ƙasan bene ma ba ta ɗago kai ba.

Tela ta karɓa. Tururin ya taɓa fuskarta, ta lumshe ido. Ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta riƙe kofin da hannu biyu ba ta ajiye ba sai da ta ga gindinsa.

"Wa ya gaya maka?"

Ya so ya ce shi ya gano da kansa. Ya haɗiye girman kai da ƙyar.

"Mai aski."

Gefen bakinta ya motsa. Ba dariya ba ce, amma hanyarta ce. Baba Tafasa ya fita da kofin da ba komai a ciki yana takawa kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Daga ranar ya zama ɗalibi, kofin kuma shi ne malaminsa. In ya cika ɓawon lemu, sai ta rage a gindi. In na'ana'a ta yi yawa ta danne ganyen, sai ta rage rabi. In ya dace, kofi ya dawo a bushe. Ya gano ganyen ya fi ƙamshi da safe kafin rana ta yi zafi, sai ya riƙa tsinkar kan rassan a lokacin, da yatsa, yana bajewa a saman kabad. Ya sha lemun zaƙi har ya gaji don neman ɓawo. Kwalbar ta cika. Tela ta soma cin abinci, ta soma jingina da filo tana tambayar labarin maƙwabta, wata yamma har ta ce ya ɗaga labule ta ga titi.

Amma ƙafarta ba ta taɓa ƙasa don kanta ba. Sandar na jingine a bayan ƙofa inda aka ajiye ta tun ranar da suka dawo daga asibiti. In ya ce, "Tela, ko za ki ɗan fito baranda?" sai ta ce, "Gobe, Malam." To me ma zai tayar da ita? Shayi na zuwa har gado, daidai yadda take so. Ya ƙware har ya yi wa kansa illa. Sai ga wayar Uwata: an ba da hutu, tana tafe ƙarshen mako.

Yana tsaye a kicin rai a jagule, ya miƙa hannu zai ɗauko tsintsiya, ya bangaji baƙar tukunya ta faɗi ta yi ƙara.

"Malam! Me za ka yi da wannan tukunyar?"

Ya daskare. Muryar nan ce, ta da, mai kaifi, wadda ke sa maƙwabta leƙowa.

"Ba komai, gyara nake."

Ya ɗauki tukunyar ya shafa gindinta, ya mayar da ita a hankali. Ya daɗe yana kallonta yana murmushi.

Safiyar da Uwata za ta iso, ya yi sharar ɗaki, cikin shara ya ɗauko sandar daga bayan ƙofa ya jingine ta a jikin gado, wai ta tare masa hanya. Sannan ya je wurin keke, ya ɗaga zanen, ya jawo aljihun da ƙarfi, ya zaro almakashin. Bai dubi gado ba. Ya wuce kicin ya ɗora baƙar tukunya a wuta, ya watsa mata 'yan tsofaffin karare da ya tara a gefe. Da ta tafasa ya ɗauko moɗa biyu ya hau juyi, ƙamshi ya cika gida ya nufi titi.

"Tela!" ya ɗaga murya. "Tunda yarinyar nan na tafe, yau irin nawa zan yi mata, na gaske, da madara. Ganyen kwalba ba zai isa ba. Bari in yanke na bokitin duka daga tushe, in huta da tsinka ɗaya-ɗaya."

Ya fita baranda ya tsuguna a gaban bokiti, ya soma buɗe almakashin yana rufewa a iska, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Shiru. In wannan bai yi ba, ba shi da sauran dabara. Ya ci gaba da yankan iska.

Gado ya yi ƙara. Can sai ya ji sanda ta taɓa siminti. Ta sake taɓawa. Duk jikinsa ya so ya tashi da gudu ya tare ta, kada ta faɗi. Ya tuna ɗan farantin nan, ya danne kansa, ya zauna inda yake bai waiwaya ba. Sautin sanda na matsowa a hankali, da numfashi, da jan ƙafa.

"Ajiye min almakashina."

Ya waiwayo. Tana tsaye a ƙofar baranda, hannu ɗaya a sanda, ɗaya a jikin bango, ɗankwali ya karkace, ido na wuta.

"Na ce ajiye! Almakashin yadi za ka sa wa icce? Malam, kai wane irin mutum ne? Shekara da shekaru ina faɗa, kunnenka na ƙashi ne? Kuma je ka sauke min wannan baƙar tukunyar kafin ka ƙarasa rabar da ganyena a titi! Madara! Wa ya taɓa ganin an sa masa madara?"

A daidai lokacin Uwata ke hawowa matattakala, da jakarta a kafaɗa da wata babbar jaka ba komai a ciki, wadda ta kawo don kayan uwarta. Tun daga ƙasa ta jiyo faɗan, ta ƙaro sauri a tsorace. Ta turo ƙofa ta tsaya cak. Ga uwarta a tsaye tana nuna ubanta da sanda, ga ubanta a tsugune da almakashi, baki har kunne, hawaye na bin gemunsa.

"Ke kuma tsayuwar me kike yi?" in ji Tela. "Karɓe almakashin nan daga hannun ubanki, ki jawo min kujera. Yau ni zan haɗa."

A kan kujera ta haɗa shi a kicin, tana ba da umarni, su biyun suna miƙo mata kaya. Sai da aka kife faranti a kan kofuna sannan Uwata ta gyara murya.

"Umma, da ma na zo ne da niyyar..."

"Na san niyyarki, Allah ya yi miki albarka. In tafi in bar wa wannan mutumin ganyena da almakashina? Ai kafin in kai tasha ya ƙarar da su."

Uwata ta dubi ubanta. Shi kuwa ya ɗaga kai yana duban silin, sai ka ce bai san zancen da ake yi ba. Ta yi 'yan kwanaki tare da su, ta ga uwarta na kaiwa baranda ta dawo, ta ga an yaye zanen keke an share ƙura. Ranar komawa ta naɗe babbar jakar ta cusa a cikin ƙaramar. Abin da ta tafi da shi daga gidan shi ne reshe ɗaya na ganyen, a gwangwanin madara. Baba Tafasa ya raka ta har titi, a hanyar dawowa ya biya ta shagon mai aski, ya leƙa kai ya ce, "Ta tashi." Bai jira amsa ba ya wuce.

Da yamma suna zaune a baranda su biyu, kofi biyu a kan 'yar kujera, kowanne da farantinsa a kife. Tela ta sa sanda ta ɗaga rassan bokitin tana dubawa.

"Ko reshe ɗaya ba ka yanka ba."

"Ai kin riga ni ne."

"Malam, mutumin da ya yi ta kawo min shayi daidai, har raɓar faranti yake mayarwa, shi ne zai wayi gari ya manta? Ka ɗauka ƙugu na karya ko ƙwaƙwalwa?"

Ya sosa ƙeya.

"To in kin sani, me ya tashe ki?"

Ta jingine sandar a gefe.

"Tun ranar da na gan ka a kan kujera kana leƙen saman kabad da wannan gwiwar taka nake son tashi. Tsoron ƙasa nake ji. Da na ji kana yankan iska kai kaɗai kamar mahaukaci, sai na ce mutumin nan in ban fito ba, haka zai wuni."

Murna ta cika masa ƙirji. Don ya ɓoye fuskarsa sai ya sunkuya ya kai hannu zai ɗaga farantin kofinsa, yau dai ya ɗanɗana ruwan ciyawar da ya yi shekaru yana rainawa.

Ta buge masa hannu, ɗas.

"Bai yi ba. Kai kullum sauri."

Baba Tafasa ya janye hannun ya ɗora a cinya. Wurin na ɗan yi masa zafi, bai kuma shafa ba, ya bar shi haka. Suka zauna suna jira.